Batirin kwamfutata ya tsufa: in canja shi ko in jira sababbin da za su fito?

Ɗalibin Madina ya rubuta a ƙarshen shekarar 2025:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa masana harkar kwamfuta, musamman mazauna Saudiyya waɗanda suka san yadda kasuwarta take.

Ina karatun digiri na biyu a Madina, kuma a halin yanzu ina tsakiyar rubuta risala, wato kundin bincikena na kammala digiri. Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita na saye ta sabuwa a shekarar 2019 kafin in taso daga gida. Tana da furosesa (ƙwaƙwalwar injin) Core i5 zubi na takwas da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 8, kuma har yanzu tana kan Windows 10. Lokacin da take sabuwa takan kai ni kusan awa shida ba tare da caja ba, amma yanzu idan na cire ta daga wuta da ƙyar take cika minti arba'in. Abin da ya fi damuna shi ne takan mutu farat ɗaya alhali ma'auninta yana nuna saura kashi 30 cikin ɗari, ba tare da wani gargaɗi ba. A ɗakin kwana wannan ba babbar matsala ba ce tunda wuta ba ta yankewa, sai dai a ɗakin karatu da wurin darasin malamai ba kullum mutum yake samun soket kusa da shi ba.

Na yi niyyar sayen sabuwa a rangwamen Farar Juma'a na watan Nuwamba, sai wani abokin karatuna ya ce in dakata, wai a farkon 2026 za a fito da wasu kwamfutoci da batirinsu zai wuni ya kwana bai ƙare ba, kuma duk wanda ya saya yanzu zai yi da-na-sani. Ni kuwa kuɗin da na tara daga mukafa'a ne, wato alawus ɗin ɗalibai, ba su da yawan da zan yi sayayya sau biyu. Bayan munaƙasha, wato zaman kare risalar a gaban malamai, in sha Allah Kano zan koma, inda kowa ya san halin da wutar lantarki take ciki, saboda haka duk abin da zan saya dole ya zama mai jure rashin wuta na tsawon shekaru.

Shin wannan batirin yana da sauran magani, ko canja shi ne kawai mafita? Idan kuma an canja, kwamfutar 2019 ta cancanci a ƙara kashe mata kuɗi? Sannan mene ne gaskiyar maganar sababbin da ake jira? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara a Jidda ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da sa'ar karatu. Gyaran kwamfuta ne sana'ata a nan Jidda, kuma irin wannan ƙorafin shi ne ya fi zuwar mana da zarar an fita daga watannin zafi.

Batirin da ya yi shekara shida yana aiki ya cika wa'adinsa, babu wani magani da zai dawo da abin da ya tafi. Batirin lithiyom, wanda kamfanin Sony ya fara kawowa kasuwa a 1991 kuma har yau shi ne a cikin wayoyinmu da kwamfutocinmu, yana tsufa ta hanya biyu. Akwai tsufan aiki: duk lokacin da jimillar cajin da ka sha ta kai kashi 100, ko a zama ɗaya ko a zama uku, an ƙirga maka zagaye guda. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce an ƙera batirin MacBook na zamani ne domin ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa har zuwa zagaye 1000, kuma batura da yawa na kwamfutoci masu sauƙin kuɗi ba sa kaiwa nan. Sai kuma tsufan zama, wanda yake faruwa ko da ka rufe kwamfutar ka ajiye a akwati, domin sinadaran da ke cikin batirin ba sa daina lalacewa a hankali. Abu biyu ne suke gaggauta wannan tsufan, wato zafi da barin batir cike maƙil na dogon lokaci, kuma mu a ƙasar nan mun haɗa su duka biyun. Da yake wuta ba ta ɗaukewa, kwamfuta takan wuni ta kwana a jone tana kashi 100 wata da watanni, ga kuma zafin Madina da yakan kai digiri 43 ko fiye a Yuli da Agusta, alhali masu ƙera irin waɗannan na'urori sukan ce kada a yi aiki da su a inda zafi ya haura digiri 35. Wanda ya saba barin jakarsa a mota da azahar, ko yake ɗora kwamfuta a kan katifa ko kafet yana toshe mata kafofin shan iska, shi ya fi kowa saurin zuwa wurinmu.

Game da mutuwar da take yi a kashi 30, dalilinta sananne ne. Idan batir ya tsufa, wuta ba ta fita daga cikinsa da sauƙi kamar da, don haka da zarar furosesa ya nemi wuta mai yawa a lokaci guda, sai ƙarfinta ya faɗi ƙasa da abin da na'urar za ta iya aiki da shi, sai ta kashe kanta. Bugu da ƙari, batirin kwamfuta ƙwayoyi ne biyu zuwa huɗu da aka jera, kuma idan ɗaya ta riga sauran raunana, ita ce take yanke wa duka hukunci. Wasu za su ce maka ka riƙa shanye cajin ƙarƙaf sannan ka cika. Wannan shawara ta tsofaffin baturan nikel ce, ba ta ƙara wa lithiyom komai, illa dai ta gyara lissafin ma'aunin idan an yi sau ɗaya.

Kafin ka yanke hukunci, buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, Windows zai fitar maka da rahoto. Ka duba layi biyu a ciki: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka a yau. Ka kawo mana lambobin biyu.

Ra'ayina shi ne ka raba maganar batir da maganar kwamfuta, domin ba wanda yake sayar da mota saboda taya ta suɗe. Abin da yake kashe tsohuwar kwamfuta a wannan shekarar shi ne Windows, tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kai kuwa ka yi dace, domin zubi na takwas shi ne farkon waɗanda Windows 11 ya amince da su, muddin tana da sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma sauyawar kyauta ce. Da a ce zubi na shida ne, da na ce kada ka ƙara mata ko riyal ɗaya. Amma wannan, idan aka sa mata sabon batir, aka ƙara RAM zuwa giga 16 idan tana da gurbi, aka sa SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, idan ba ta da shi, za ta kai ka ƙarshen risala har da sauran ƙarfi.

Injiniya a Jubail ya amsa:

Malam Ɗalibi, na yarda da bayanin Mai Gyara a kan batir ɗari bisa ɗari, amma ina ganin ya ɗan rage wa sababbin kwamfutoci haƙƙinsu, kuma abokinka ba zancen banza ya yi ba. Ko ka sa wa taka batir fil daga kamfani, awa shidan da ka sani ita ce iyakarta, wataƙila ma ba za ta kai ba a kan Windows 11. Ga mai shirin komawa inda wuta takan yi wuni ba ta zo ba, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne.

Sauyin ya faro ne a Nuwamban 2020 lokacin da Apple ya fitar da furosesan M1, har ya ce MacBook Air, wadda ko fanka ba ta da ita, za ta yi awa 18 tana kunna bidiyo. Masu Windows sun daɗe suna kallo daga nesa, sai a Yunin 2024 da kwamfutoci masu Snapdragon X na kamfanin Qualcomm suka fito, sannan a Satumban 2024 Intel ya biyo baya da Core Ultra 200V, wanda ake kira Lunar Lake. Waɗanda abokinka yake nufi kuwa su ne na gaba: a Satumban 2025 Qualcomm ya sanar da Snapdragon X2 Elite da za a fara gani a rabin farko na 2026, a Oktoba Intel ya bayyana Panther Lake wanda ya ƙera da sabuwar fasaharsa ta 18A kuma ake sa ran ganin kwamfutocinsa a bikin baje koli na CES da ake yi kowace Janairu a Las Vegas, shi kuma Apple ya riga ya fitar da MacBook Pro mai M5 a cikin Oktoban 2025.

Sai dai akwai abubuwan da talla ba ta faɗa. Abin da aka nuna a Amurka a Janairu ba a Janairu yake sauka a kantunan Jarir da eXtra na nan Saudiyya ba, kuma idan ya sauka da farashinsa mafi tsada yake zuwa. Awannin da kamfanoni suke ambata ana auna su ne da kunna bidiyo a allo mai rangwamen haske, ba da aikin mai bincike da ya buɗe littattafai goma da intanet a lokaci guda ba, don haka ni nakan zabge kusan kashi ɗaya cikin uku kafin in gaskata. Mafi muhimmanci, batirin da kansa bai canja ba. Girmansa ma ba zai wuce inda yake ba, domin dokar jiragen sama ta taƙaita batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da neman izini ba a wat-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka), shi ya sa hatta babbar MacBook Pro mai inci 16 ta tsaya daidai bakin wannan iyakar. Ribar duka daga furosesa take, wanda ya rage shan wuta. Ma'ana, sabuwar da za ka saya a 2026 idan ka bar ta a zafi tana jone a kashi 100, yadda taka ta tsufa haka ita ma za ta tsufa, kuma da yawa daga cikin sirara ɗin nan an manne batirinsu da gam, an kuma haɗe RAM ɗinsu da allon injin ta yadda ba a iya ƙarawa. Lunar Lake ma a jikin furosesan aka ɗora RAM ɗin, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Idan Snapdragon ya ba ka sha'awa, ka sani ginin furosesansa daban yake da na Intel, tsofaffin manhajoji ta hanyar wani tafinta mai suna Prism suke tafiya a kansa. Yawancinsu suna aiki, amma direbobin tsofaffin firinta, wato manhajojin da suke haɗa su da kwamfuta, ba sa bin wannan hanyar. Ɗalibi irinka da aikinsa ya rataya a kan manhajar littattafan Larabci ta Maktaba Shamila ya kamata ya gwada ta da idonsa a kan irin wannan kwamfutar kafin ya biya, gani ya kori ji.

Akwai dokoki biyu da ni a wurina sun fi sunayen furosesa cancantar a jira. A nan Saudiyya, daga 1 ga Afrilu, 2026, wajibi ne sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da za a sayar su zama masu caji ta USB-C, kamar yadda aka wajabta wa wayoyi tun farkon 2025. Amfanin wannan gare ka babba ne, domin kwamfutar da take caji ta USB-C za ka iya ciyar da ita daga fawa-banki mai ƙarfi ko daga ƙaramar sola, kuma fawa-banki mai 20,000 mAh kimanin wat-awa 74 ne, ya fi batirin kwamfutoci da yawa girma. Ta biyu ita ce dokar batura ta Tarayyar Turai da aka zartar a 2023, wadda daga 18 ga Fabrairu, 2027 za ta tilasta a ƙera na'urori yadda mai su zai iya cire batir ya sa wani da kansa. Wannan ta yi maka nisa, amma tana nuna inda aka dosa.

Da ni ne, zan bar sababbin su fito, sannan in sayi ta bara da zarar farashinta ya sauko. Abin da kawai yake sa ni ɗar-ɗar shi ne farashin RAM da ya fara hawa a watannin nan saboda yadda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suke kwashe shi, wanda idan ya ci gaba zai iya cinye rangwamen da ake jira.

Malama a Makka ta amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya kai ka ranar munaƙasha lafiya. Ni ba masaniyar injin kwamfuta ba ce, koyarwa nake yi, amma na ga ɗalibai da dama sun bi wannan hanyar kafin kai, shi ya sa zan sa baki.

Duk bayanan da suka gabata ba wanda ya tambaye ka ina risalarka take ajiye. Kwamfutar da take mutuwa ba sallama tana iya mutuwa a daidai lokacin da take adana rubutu, fayil ɗin ya lalace ya ƙi buɗuwa. Kafin maganar saye ko jira, ka kwafi aikinka a filashi, ka kuma ajiye wani kwafin a intanet, ka mayar da hakan al'adarka ta kowane dare. Sannan ban ga hikimar sauya kwamfuta a tsakiyar rubutu ba, musamman zuwa wadda ba ka saba da ita ba, domin rubutun Larabci mai wasulla da ɗaruruwan hashiyoyi na ƙasan shafi yakan hargitse idan aka ɗauke shi daga wata na'ura zuwa wata, sai ka ɓata mako kana gyaran shafuka maimakon bincike.

Kada kuma Farar Juma'a ta tsorata ka kamar ita kaɗai ce ranar rangwame. Ana yin ragi a Ranar Kafuwar Ƙasa ta 22 ga Fabrairu, ana yi gab da Ramadan, ana yi lokacin komawa makaranta da kuma Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba. Idan lokacin sayen ya yi, a nan ya kamata ka saya ba a gida ba, ko da an ɗora harajin kashi 15, saboda kwamfutocin da ake sayarwa a nan da haruffan Larabci a madannansu suke zuwa, abin da za ka sha wahalar samu a Kano. Ka adana fatura, wato rasit, ka kuma tambayi mai kanti ko garantin yana aiki a wajen Saudiyya, domin ba kowanne ne yake ƙetare iyaka ba. Gwargwadon kusancin ranar sayen da ranar tafiyarka, gwargwadon sabuntar batirin da za ka isa gida da shi.

Ɗalibin Madina ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowannenku da alheri. Malama, na kwafi risalar a wuri biyu kamar yadda kika umarta. Malam Mai Gyara, rahoton ya nuna an ƙera batirin da 45,000 mWh, yanzu kuma 13,900 yake ɗauka, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na kuma duba, Windows 11 ya amince da ita. Zuciyata ta karkata ga canja batirin yanzu, in bar sayen sabuwa sai gab da tafiya, kamar yadda Injiniya da Malama suka nuna.

Akwai wani abu da ban ambata ba tun farko domin ban ɗauka yana da alaƙa da batir ba. Faifan da ake goga yatsa a kai ya ɗan taso daga mazauninsa har yana wuyar dannuwa, kuma idan na ajiye kwamfutar a kan tebur ba ta zama daidai, tana ɗan girgiɗi. Shin wannan ma batirin ne, ko jikinta ne ya karkace saboda daɗewa?

Mai Gyara a Jidda ya sake amsawa:

Malam, wannan da ka bari a ƙarshe shi ne ya fi komai gaggawa. Batirin ne ya kumbura. A yawancin kwamfutoci a ƙarƙashin wannan faifan yake kwance, kuma idan sinadarin cikinsa ya fara ruɓewa yakan fitar da iskar gas da take hura jakar da aka naɗe shi a ciki, ita ce take tura faifan sama tana tura murfin ƙasa. Batirin da ya kai wannan matsayin yana iya kamawa da wuta idan aka matse shi, ko aka huda shi, ko ya yi zafi sosai. Saboda haka ka cire caja, ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka ajiye ta a kan tayil nesa da katifa da littattafai, kada ka danna faifan da ƙarfi don ya koma, kada kuma ka sa ta a jaka tare da wasu kaya masu nauyi. Gobe ka kai ta wurin mai gyara a cire shi. Kada a jefa tsohon a kwandon shara na ɗakin kwanan ɗalibai, a bar shi wurin masu karɓar sharar lantarki, kuma ko da wasa kada ka yi tunanin hawa jirgi da shi, domin an hana ɗaukar batirin da ya lalace. Mafi yawan kwamfutocin Windows suna aiki da caja kaɗai bayan an cire batir, don haka rubutunka ba zai tsaya ba kafin sabon ya iso.

Wajen sayen sabon ne ake buƙatar natsuwa, domin jabu sun cika kasuwa kuma arha ba ta ado. Kada ka nema da sunan kwamfutar kawai, ka nema da lambar da take rubuce a jikin batirin, ka tabbata bolt ɗinsa da wat-awansa sun dace da na tsohon. Ka duba ranar ƙira, domin batirin kwamfutar 2019 yana iya zama na asali amma ya yi shekaru a sito, kuma tsufan zaman da na faɗa maka ya riga ya ci rabonsa. Bayan an sa, ka sake fitar da rahoton nan a gaban mai kantin, ka kuma karɓi garanti a rubuce.

Daga nan sai ka taƙaita cajin a kashi 80 muddin kana zaune a inda wuta take tsaye. Ba ka faɗi kamfanin kwamfutar ba, amma masu Lenovo suna yin haka a manhajar Vantage, masu ASUS a MyASUS, Dell da wasu na HP kuma a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga yayin kunna kwamfuta. Ranar da za ka wuni a ɗakin karatu sai ka cire takunkumin ka cika ta, haka kuma za ka riƙa yi idan ka koma Kano. Ka sa a buɗe fankar a kakkaɓe ƙurar shekara shida tunda an riga an kwance murfin. Idan an ciro batirin, ɗauki hoton takardar da take manne a jikinsa ka sa mana a nan, zan faɗa maka lambar da za ka nema da kuma waɗanda suke shiga gurbinta idan ba a samu irinta ba.